Kujera Marar Ƙusa

A duk layin kafintoci ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Sannu-Sannu ake ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. In ka kawo masa tebur mai ɗingishi da safe, sai ya auna ƙafar, ya sake aunawa, ya ja da baya ya ƙura mata ido kamar tana ba shi labari, kai kuwa kana tsaye rana na cin ƙeyarka. In ka yi magana ya ce, "Sannu-sannu dai, maigida." Amma teburin da ya bi ta hannunsa ba ya dawowa. Shi ya sa masu haƙuri ke zuwa wurinsa, masu gaggawa su wuce gaba.

Bai taso da zarto a hannu ba. Shekara shida ya yi a wani kamfanin sabulu yana loda kwalaye a mota, har ranar da suka je aiki suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Lokacin watansa bakwai da aure. Ya yi ta zaman gida yana kallon silin, har yayan matarsa ya gaji da ganinsa. Shi yayan kafinta ne, ana ce masa Mai Fensir, don ko wanka zai shiga sai an tuna masa ya cire fensir daga bayan kunne. Rannan ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai, tashi. Ƙanwata ba hoto ta aura ba. Gobe ka same ni a shago."

Shagon ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, da rumfar kwano a gaba. Teburin aiki biyu ne a ciki, na Mai Fensir kusa da taga, na Sannu-Sannu kusa da tulin falanki. A nan suka yi shekara ashirin da shida suna shaƙar garin katako ɗaya, suna shan shayi a kofi biyu da ba wanda ya san wanne ne nasa. Sannu-Sannu yana ce masa Yaya, kamar yadda matarsa ke faɗa.

Halinsu ya sha bamban. Mai Fensir kansa ba ya hutawa. Yakan yi zane a bayan kalanda, a kwalin sukari, a jikin bango, wata rana har a tafin hannunsa. Zai fara abu da zafi-zafi, in ya gane yadda zai kasance sai ya gundure shi, ya tura wa surukinsa ya ƙarasa. Yakan yi dariya ya ce, "Ni ke haihuwa, kai ke reno." Sannu-Sannu ma ya yi dariya. Bai taɓa nuna abin yana taɓa shi ba. Ko da mutane suka zo suka same shi shi kaɗai, yana tsakiyar aikinsu, suka leƙa ta kafaɗarsa suka ce, "Ba kowa ne? Ina mai shagon?" sai ya ce ya fita, yanzu zai dawo.

Kujerar da ta jawo duk wannan labari saboda Inna aka yi ta, mahaifiyar Mai Fensir, surukar Sannu-Sannu. A ƙarshen rayuwarta idanunta sun yi hazo, duk ranar Talata sai an kai ta asibitin ido. Benci uku ne kacal a barandar asibitin, masu jira kuwa sun fi ɗari. Tsohuwa ga ciwon baya, ga tsayuwar awa huɗu. Wata Talata Mai Fensir ya dawo da ita ransa a ɓace, ya yage kalanda ya kifa ta a tebur. Kwana tara yana fama. Abin da ya fito da shi falanki biyar ne masu tsaga, kowanne yana shiga cikin ɗan'uwansa ya riƙe. Babu ƙusa, babu gam. Ka harhaɗa ta kafin ka ƙirga goma, ka wargaza ta ka saƙale a hammata kamar allo. Falankin baya yana da ɗan lanƙwasa daga ƙasa, daidai inda bayan Inna ke ciwo, don ya sa ta zauna ya auna da tafin hannunsa.

Inna ta yi shekara biyu tana zuwa asibiti da kujerarta, mata na tambayarta inda ta samo. Bayan rasuwarta aka ci gaba da yin irinta jefi-jefi, wa masu aski da masu gyaran waya a bakin titi. Duk Sannu-Sannu ke yankawa, yana bin kwalin da Yaya ya fitar.

Sai wata safiya Mai Fensir ya sunkuya zai ɗauki guduma, bai taso ba. Jini ne ya hau masa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa maza biyu suna aiki a nesa. Sannu-Sannu da bakinsa ya ce a kawo shi gidansu, tun kafin matarsa ta nema. Aka kwashe keken ɗinkinta daga ɗakin tsakiya aka sa gado. Kullum da safe shi ke ɗaga shi, ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya yi masa aski duk bayan kwana uku. Maƙwabta suna cewa irin wannan suruki sai an tona. Mai Fensir yana gane komai, yana karanta jarida in an riƙe masa, amma magana sai kalma ɗaya ko biyu, ita ma da kyar, kamar yana jawo ta daga rijiya.

Wajen wata takwas da kwanciyarsa wata mata ta shigo layin kafintoci da jaka a kafaɗa da na'urar ɗaukar hoto. Ba ta tambayi kuɗin gado ba, ba ta tambayi na ƙofa ba, sai leƙe-leƙe take yi. A ƙofar shagon ta tsaya cak. Wani mai jiran aikinsa ne ke zaune a kan kujerar. Ta roƙe shi ya tashi, ta durƙusa da fararen kayanta a cikin garin katako, ta leƙa ƙasa, ta shafa tsagar. Sannu-Sannu ya wargaza mata ita ya sake harhaɗawa. Ta ce ya sake. Ya sake.

Ta ce ita ma'aikaciya ce a sabon gidan adana zane-zane da ƙere-ƙeren zamani da aka buɗe a tsakiyar gari, wanda mutane ke ce wa gidan kallo. Suna shirya zaure guda na abubuwan da masu sana'ar garin suka ƙirƙiro da kansu.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"A nan muka yi ta," in ji shi. Wannan gaskiya ce.

"A'a, nufina wa ya fara tunaninta? Daga kan wa ta fito?"

Ta ɗago tana kallonsa, biro a hannu. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa kallonsa haka. Ba ta leƙa ta kafaɗarsa tana neman mai shago ba. Sunan Yaya ya zo masa har kan harshe. Sai ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya shafa gemunsa.

"Kai ne ke nan," ta ce da murna. "Na san masu irin wannan hannun ba sa son yabo. Yaya sunanka?"

Ya faɗa mata. Ta rubuta. Ta tambaye shi abin da ya sa ya yi ta, sai ya ji bakinsa yana ba da labarin asibitin ido, da benci uku, da tsohuwa mai ciwon baya. Bai ƙara komai ba, bai rage komai ba, mutum ɗaya kawai ya cire daga ciki. Ta ɗauke shi hoto, ya sa hannu a wata takarda, ya ɗaure mata falanki biyar da igiya ya kai mata har mota.

Motar na shan kwana ya fara nadama. Ya ce a ransa gobe zai neme ta ya gyara. Gobe ta yi, aikin ƙofofin wata makaranta ya taso. Ya ce sati mai zuwa. Daga nan ya fara ba kansa hujja. Ai wannan kujerar da hannunsa ya yanka ta. Ai shi ya gyara tsagar ƙafar baya da ta riƙa yin sako-sako. Ai Yaya da kansa ya ce shi ke reno. Kuma wa zai je gidan kallo daga unguwarsu? Hujjojin sukan riƙe shi da rana. Da safe kuwa, in ya sa hannu a ƙarƙashin hammatar Yaya zai ɗaga shi, Yaya ya jingina kansa a ƙirjinsa kamar yaro, sai duk su zube.

Aka aiko masa da katin gayyata na buɗe zauren, mai ruwan zinariya a gefe. Ya naɗe shi ya cusa a gwangwanin tsofaffin ƙusoshi. Ma'aikaciyar ta kira shi sau biyu, ya ce ba ya jin daɗi. Haka aka ci wata biyar.

Autarsu ce ta tono maganar, ita kuwa ba ta san ta tono komai ba. Nas ce a asibitin yara. Rannan ta shigo gida da yamma tun ba ta ajiye jaka ba take kira.

"Umma! Umma, kin san kujerar shagon su Baba tana gidan kallo? Wata abokiyar aikina ce ta gani. Wai har igiya aka zagaye ta da ita, ba a taɓawa!"

Uwar ta fito daga kicin tana goge hannu. "Wace kujera? Ta Inna?" Ta juya wajen mijinta. "Malam, kujerar Yaya ce ta shiga gidan kallo ba ka faɗa mana ba?"

"Na sha'afa ne," in ji shi, yana kallon takalminsa.

"Ka sha'afa! Kai dai da sanyin jiki." Ta nufi ɗakin tsakiya da sauri. Yana jin ta tana cewa, "Yaya, albishirinka! Kujerarka ta yi suna. Ranar Asabar za mu kai ka ka gani da idonka." Sai ya ji wani sauti da ya daɗe bai ji ba, Mai Fensir yana dariya da rabin bakinsa.

Kwana biyar ke tsakani. Ya ce motar haya ba za ta ɗauki keken mara lafiya ba, Auta ta ce ta riga ta yi magana da mai babbar mota. Ya ce sanyin wurin zai iya taɓa Yaya, matarsa ta fito da rigar sanyi. Ranar Alhamis yana yi masa aski, reza a hannu, kumfa a haɓar Yaya, ya daure ya ce, "Yaya, akwai wata magana." Mai Fensir ya ɗago ido yana jira. Idanun nan ba abin da ciwo ya rage musu. Sai Sannu-Sannu ya ce, "Ruwan bai yi zafi da yawa ba?"

Ranar Asabar da hantsi suka isa. Ginin gilashi ne daga sama har ƙasa, ƙofar tana buɗe kanta. Sannu-Sannu ke tura keken. Ciki fari fat, sanyi kamar cikin firiji, ƙasa tana ƙyalli har mutum na ganin ƙafar wandonsa. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya.

Zauren farko zane-zane ne manya. Akwai wani da ya kusa cika bango, shuɗi kawai, sai jan layi ɗaya a gefe. Matarsa ta tsaya ta karkata kai.

"Auta, wannan ba su gama ba ne?"

"Umma, haka yake. An gama."

"To, Allah ya ba da sa'a. Mai fentin da ya yi mana falo ma ashe gwani ne, ba mu sani ba."

Gaba kaɗan tsofaffin takalma ne, sun fi ɗari biyu, an jera su duk suna fuskantar wata rufaffiyar ƙofa. Nan ba ta yi wasa ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Wannan kam na gane shi. Jira suke yi." Akwai fitilu da aka yi da kwalaben magani, da wani labule na murafen lemo da ke motsi in mutum ya wuce. Mai Fensir ya farfaɗo kamar an zuba wa shuka ruwa. Yana buga hannun keken da hagunsa in yana son a tsaya. A gaban wani tebur mai ƙafa uku ya sa aka sunkuyar da shi ya leƙa ƙasa, ya taɓe baki ya ce, "Gam." Auta ta tuntsire da dariya har mai gadi ya waiwayo.

"Kawu, ka fara sana'ar taka ko?"

Sannu-Sannu bai ga shuɗi ba, bai ga takalma ba. Kibiyoyin da ke bango yake bi da ido, kowace tana nuna hawa na biyu. Duk da sanyin wurin rigarsa ta manne a bayansa. A cikin lif ya ga fuskarsa a madubi, wani tsoho da hula a karkace, riƙe da keken mutumin da ya koya masa riƙe zarto.

Kujerar tana tsakiyar zauren, a kan wani farin dandamali, fitila na haska ta daga sama. An goge ta har tana sheƙi. Kujerar da masu aski ke zama a kai ce, amma a nan sai ta yi kama da wata babbar baƙuwa. Gefe ga ɗan allo a kan sanda, tsayinsa daidai idon wanda ke zaune a keke.

Ya so ya tsaya daga nesa. Mai Fensir ya buga hannun keken. Ya tura.

Matarsa ta riga su isa. Karatunta a hankali take yi, leɓɓanta na motsi. Ta karanta sunan mijinta. Ta karanta layi na biyu, inda aka ce shi ya ƙirƙira kuma ya ƙera. Ta duba ƙasa ko akwai wani sunan. A ƙasan maganarsa ce aka rubuta: "Na yi ta ne saboda tsohuwarmu, don ta sami wurin zama a layin asibiti."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo ta dube shi ta ce, "Tsohuwarku?"

Auta ta kalli uwarta, ta kalli ubanta, murmushinta ya tsaya a rabi.

Mai Fensir ma ya karanta. Sannu-Sannu yana tsaye a bayansa, ƙeyarsa kawai yake gani, da kunnen nan da ba fensir. Kan bai motsa ba na tsawon lokaci. Sannan ya kau da kai daga allon ya koma kan kujerar. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna.

"Bai... bai."

"Me ka ce, Kawu?"

"Baibai!" Ya buga keken da ƙarfi har ƙarar ta zagaya zauren.

Sai a lokacin Sannu-Sannu ya kalli kujerar da idon kafinta. An sa falankin baya a kife. Lanƙwasar da ya kamata ta tallafi ƙugu tana sama, wajen kafaɗa. Wata biyar mutanen gari suna kallonta a haka, don shi da ya ba da ita a wargaje bai taɓa zuwa ya duba ba.

Mai gadi ya matso yana cewa a yi haƙuri a rage murya. Mai Fensir bai fasa bugawa ba. Aka kira ma'aikaciyar daga ofis. Tana hango Sannu-Sannu ta washe baki.

"Baba! Yau dai ka zo!" Ta juya wajen wasu mutum biyar-shida da ke zauren. "Jama'a, kun yi sa'a, ga wanda ya ƙirƙiro kujerar nan."

Wani ya fara tafi. Sannu-Sannu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Malama," ya ce, "an sa bayan a kife."

Ta dafe ƙirji, ta ba da haƙuri, ta ɗage masa igiyar. Ya cire takalmi ya hau dandamalin. Ya zare falankin, ya juya shi, ya mayar. Bai zauna daidai ba. Daga ƙasa Mai Fensir ya yi ƙwanƙwasa biyu a hannun keke, yadda yakan yi a tebur in yana nufin a ɗan daki gefen hagu. Ya daka da tafin hannu. Falankin ya shige da ɗan sautinsa.

"Ikon Allah," in ji matar. "Baba, yaya aka yi ka san daidai inda lanƙwasar za ta zauna?"

Yana tsaye a kan dandamali ba takalmi, fitila a kansa, kowa na kallonsa.

"Ban sani ba," ya ce. Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. "Ba ni na auna ba. Ga mai ita nan a keke. Yayan matata ne, shi ya koya mini sana'a. Shi ya zana ta, kwana tara yana yi, saboda mahaifiyarsa. Ni yankawa kawai nake yi. Ranar da kika tambaye ni yana kwance a gidana ba ya iya magana, ni kuma na yi shiru na bar ki kika rubuta."

Mai tafin ya sa hannu a aljihu. Ma'aikaciyar ta je ta durƙusa a gaban keken ta gaishe da Mai Fensir, ta ce ya yafe mata, laifinta ne da ba ta bincika ba. Mai Fensir bai kalli surukinsa ba ko sau ɗaya. Ya nuna mata kujerar.

"Zau... na."

"Baba, ba a zama a kai."

"Zauna."

Ta waiga ta kalli mai gadi, ta cire takalmi ta hau, ta zauna a ɗarare. Sai ta jingina. Aka ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce, "Kai!" a hankali. Mai Fensir ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ce, "Gida."

Suka kama hanyar gida a mota. Auta tana kallon waje tana share ido da bakin mayafi.

Matar Sannu-Sannu ta riƙa kai masa abinci a kan lokaci, ta wanke masa kaya, amma kwana huɗu ba ta haɗa ido da shi ba. A na biyar tana shanya a tsakar gida ya tsaya a bayanta ya ce ta yi masa magana ko zagi ne. Ba ta juyo ba.

"Sunan bai dame ni ba, Malam. Namiji yakan so a san shi, na sani. Amma Inna ka ɗauka. Mutumin nan ba abin da ya rage masa sai abin da ya yi wa uwarsa, shi ma ka sa hannu ka ɗauke. Kuma kullum kana wanke shi."

Ya ɗauki bokitin da ta gama da shi ya kai mata bakin famfo.

Shi kuwa Yaya, tun washegarin zuwansu Sannu-Sannu ya nemi gafararsa. Suna banɗaki, ya zaunar da shi a kan ɗan benci, ya durƙusa a gabansa a cikin ruwa ya ce, "Yaya, na ci amanarka. Ka yafe mini." Mai Fensir ya daɗe yana kallonsa. Da kyar ya haɗa kalma uku.

"Me... ya... sa?"

Sannu-Sannu ya yi niyyar cewa sharrin zuciya ne, amma ya ga wannan ma wata hanyar zillewa ce. Ya ce, "Ta kalle ni ne kamar ni ma wani ne. Na ji daɗi. Shi ke nan, ba wani dalili."

Mai Fensir ya rufe ido. Can ya ce, "Sabulu." Kumfa ce ta gangaro masa. Sannu-Sannu ya ɗebo ruwa ya wanke masa fuska, aka ci gaba da wanka.

Sai da aka yi sati bakwai kafin a canza allon, don wai sai wani kwamiti ya zauna. Sannu-Sannu ya je sau uku a motar haya yana tuni. Ya roƙi a cire sunansa gaba ɗaya. Ma'aikaciyar ta ƙi. Ta ce, "Baba, ƙarya ɗaya muka gyara, ba za mu sa wata ba. Shi ya zana, kai ka yanka. Haka za a rubuta." Haka aka rubuta, sunan Mai Fensir a sama, nasa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Auta ta ɗauko hoton a waya ta kawo wa kawunta. Ya sa aka matso masa da ita, ya karanta har ƙasa, ya mayar mata. Da aka ce za a sake kai shi ya gani, ya girgiza kai.

Ya ƙara shekara biyu da 'yan watanni a ɗakin tsakiya. Sannu-Sannu bai fasa ko safiya ɗaya ba, sai in ciwo ya kwantar da shi. Wani lokaci Yaya yakan yi masa dariyar rabin bakin nan in ya yanke shi da reza, wani lokaci ya yini bai dube shi ba, kuma ba ya iya gane ko ciwo ne ko wancan abin. Bai taɓa ce masa ya yafe ba, bai kuma taɓa cewa bai yafe ba. Sannu-Sannu bai sake tambaya ba, don ya ga bai kamata ya matsa wa mara lafiya ya sauke masa kayan da shi ya ɗora wa kansa ba. Yaya ya rasu wata ranar Laraba da rana, Sannu-Sannu yana shago.

Bayan watanni, rannan da safe yana ɗaure igiyar takalmi zai fita, matarsa na mayar da keken ɗinkinta ɗakin tsakiya, ya kasa daurewa.

"Ya taɓa ce miki wani abu a kaina? Bayan abin nan?"

Ta tsaya da tsumma a hannu tana tunani. Ba mai ƙarya ba ce, ko don ta faranta wa mutum.

"Sau ɗaya. Lokacin da ka kwana biyu da zazzaɓi, ni da Auta muka ɗaga shi. Ya ce ba mu iya ba. Ya ce a kira ka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya taya ta ɗaga keken ɗinkin suka kai shi bakin taga, ya sa ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafar da ke rawa, sannan ya fita ya kama hanyar shago.